Rhaeadr, pistyll da sgwd: tambaya kan sunayen magangarun ruwa na ƙasar Wales

Malamin Labarin Ƙasa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare, kuma ina shirya wa ɗalibaina taƙaitaccen bayani da Hausa a kan yadda koguna ke sassaƙa duwatsu, musamman a wuraren da ruwa ke zubowa daga kan tsauni ya faɗo ƙasa. Na zaɓi Wales a matsayin misali, domin ƙasa ce ƙarama a yammacin Ingila wadda faɗinta bai kai murabba'in kilomita 21,000 ba, amma tsaunuka sun mamaye mafi yawanta, kuma iskar da ke tasowa daga tekun Atlantika tana sauke mata ruwan sama a kowane wata na shekara, abin da ya sa ta wadata da magangarun ruwa manya da ƙanana.

Abin da ya tsayar da ni shi ne sunayen. Kalmomi uku suna ta maimaituwa a taswira, wato rhaeadr da pistyll da sgwd, kuma ƙamus ya ba su ma'ana guda. Ina so in san ko akwai bambanci na gaskiya a tsakaninsu, ko kuwa karin harshe ne kawai ya raba arewa da kudu. Sannan ƙamus ya ce kalmar da ke nufin babba ita ce mawr, wadda ke nufin baƙi kuma du, amma abin da nake gani a taswira shi ne Rhaeadr Fawr da Rhaeadr Ddu, har na fara tunanin ko masu buga taswirar ne suka yi kuskure.

Tambayar da ta fi damuna ita ce ta ƙarshe. Wurare da dama suna da suna biyu, ɗaya na Welsh ɗaya na Ingilishi, kamar Rhaeadr Ewynnol da ake kira Swallow Falls, da Rhaeadr Fawr da ake kira Aber Falls. Tun da yake da Hausa nake rubutu, kuma babu ɗaya daga cikin harsunan biyu da yake namu, wanne ya kamata in sa wa ɗalibai a gaba? Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙasar ko harshen.

Malama Mai Nahawu ta rubuta:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya yi wa wannan aiki albarka. Zan ɗauki tambayoyi biyu na farko, domin su ne suka shafi fannina.

Rhaeadr ita ce kalmar gama-gari wadda duk mai jin Welsh zai gane ko daga wane yanki ya fito, ita ce ta rubutu da ta makaranta, kuma jam'inta rhaeadrau. Pistyll ba ta kai ta faɗin ma'ana ba. Asalinta ruwan da ke fitowa siriri da ƙarfi daga wata ƙaramar kafa, irin wanda indararo ke zubarwa daga kan soro, shi ya sa har maɓuɓɓugar da mutanen ƙauye ke tara tulu a ƙarƙashinta ana kiranta pistyll. Idan aka raɗa wa magangara wannan suna, galibi doguwa ce siririya wadda ruwanta ke saukowa a dunƙule. Sgwd kuwa kalmar kudu ce, jam'inta sgydau, kuma kusan duk inda ka gan ta a taswira za ka tarar kana cikin kwarurrukan da ke tsakanin tsohuwar ƙasar Brycheiniog da Morgannwg. Don haka zatonka biyu duk suna da gaskiya: tsakanin rhaeadr da pistyll bambancin siffa ne, tsakanin rhaeadr da sgwd kuma bambancin yanki ne. Sai dai kada a riƙe wannan kamar doka marar togaciya, domin manoma da makiyaya ne suka raɗa sunayen nan a tsawon ƙarnuka, kowa da abin da ya gani a gabansa.

Misalin da ya fi dacewa da ɗalibanka shi ne Pistyll Rhaeadr, a tsaunukan Berwyn da ke arewacin lardin Powys, inda kalmomin biyu suka haɗu a suna guda. Mai kallo daga nesa zai ɗauka maimaici ne, amma ba haka abin yake ba. Kogin da ke gangarowa daga sama sunansa Afon Disgynfa, kuma disgynfa tana nufin wurin saukowa. Da zarar ya faɗo ya ci gaba da tafiya a kwari, sai sunansa ya koma Afon Rhaeadr. Wato magangarar ce ta ba kogin suna, daga baya kuma aka dawo ana kiran magangarar da sunan kogin. Tsayinta da aka fi ambata mita 73 ne, ruwan yana sauka a hawa uku, kuma a tsakiya yana ratsawa ta ƙarƙashin wani bakan dutse da shi kansa ruwan ya huda. Tana cikin abubuwa bakwai da wata tsohuwar waƙar gargajiya ta lissafa a matsayin abubuwan al'ajabin Wales.

Ƙauyen da ke ƙasa da ita, kimanin kilomita shida, shi ma daga gare ta ya samo suna: Llanrhaeadr-ym-Mochnant. Llan ita ce majami'a da filin da ke kewaye da ita, Mochnant kuma sunan tsohuwar gundumar ne, wanda aka ƙara domin a bambanta ƙauyen da wani Llanrhaeadr da ke lardin Dinbych. Wannan ƙauye yana da babban matsayi a tarihin harshen, domin a nan ne William Morgan yake limancin majami'a lokacin da ya kammala fassarar Littafi Mai Tsarki na Kirista zuwa Welsh, wadda aka buga a 1588. Masana sun yi ittifaƙi a kan cewa wannan fassara ce ta kafa daidaitaccen Welsh na rubutu, kuma tana cikin manyan dalilan da suka sa harshen ya rayu a lokacin da ɗan'uwansa na Cornwall yake ja da baya.

Game da Fawr da Ddu, masu taswira ba su yi kuskure ba. Welsh, kamar sauran harsunan dangin Seltik, yana sauya baƙin farko na kalma gwargwadon abin da ya gabace ta. Sunaye a harshen suna da jinsi, namiji ko tamace, kamar yadda muke da shi a Hausa, sai dai mu a ƙarshen sifa muke nuna jinsin, su kuma a farkonta. Rhaeadr a waɗannan sunaye tamace ce, don haka sifar da ta biyo ta takan yi laushi: m ta koma f, d ta koma dd, b ita ma ta koma f, ll ta koma l. Ta haka mawr ta zama fawr, du ta zama ddu. Haka kuma sunan tamace yakan yi laushi bayan y, wadda ita ce harafin tantancewa. Craig dutse ne, llwyd kuma ruwan toka, amma magangarar da ke kan kogin Conwy kusa da Betws-y-Coed sunanta Rhaeadr y Graig Lwyd, inda sauyin ya faru sau biyu a jere. Duk wanda zai nemi ma'anar sunan wuri a ƙamus na Welsh dole ya fara mayar da baƙin farko zuwa asalinsa, in ba haka ba zai yi ta nema a shafin da kalmar ba ta nan.

Ɗalibanka za su so su furta sunayen, kuma wanda ya yi karatun allo yana da sauƙi a nan fiye da Bature. Dd ana furta ta kamar zalun ta Larabci mai fitowa daga tsakanin haƙora, ch kamar ha mai ruwa mai ɗigo a sama, f guda ɗaya kamar v, ff kuma ita ce f ta sosai. W wasali ce a kalmomi da yawa, don haka sgwd tana fita kamar sgud. Rh ita ce r da ake hurawa da iska ba tare da murya ba. Ll ce kawai sai an yi ta gwadawa: a ɗora harshe inda ake furta l, sannan a fitar da iska ta gefensa.

Akwai wani gari a Powys da Turawan Ingila ke rubutawa Rhayader, wanda asalin sunansa Rhaeadr Gwy, wato magangarar kogin Gwy, kogin da Ingilishi ke kira Wye. Wanda ya je garin yau ba zai ga wata babbar magangara ba, domin an fasa mafi yawanta a 1780 lokacin da ake gina gada a kan kogin. Ina ganin wannan ya cancanci shiga darasin labarin ƙasa, domin sunan garin ne ya adana shaidar yadda kogin yake kafin mutane su sauya shi.

Baƙon Abertawe ya rubuta:

Sallama gare ku duka. Malama ta gama da nahawu, ni kuma zan yi magana a kan sgwd, domin a kudancin Wales nake zaune, kuma yankin da kalmar ta fi yawa bai da nisa da mu.

Yankin yana gefen kudu maso yamma na gandun shaƙatawa na ƙasa mai suna Bannau Brycheiniog, tsakanin ƙauyukan Ystradfellte da Pontneddfechan, kuma da Welsh ana kiransa Bro'r Sgydau, wato ƙasar magangaru. Koguna huɗu ne suka yi aikin: Mellte da Hepste da Nedd Fechan da Pyrddin. Hepste yana faɗawa cikin Mellte, Pyrddin yana faɗawa cikin Nedd Fechan, sannan manyan biyun su haɗu a Pontneddfechan su zama kogin Nedd. Dalilin da ya tara magangaru da yawa a ƙaramin fili shi ne abin da darasinka ke nema, Malam. Duwatsun wurin a jere suke hawa bisa hawa, wani hawan dutsen yashi ne mai tsananin tauri, wani kuma dutsen laka ne mai saurin rugujewa, sannan akwai tsagogi da motsin ƙasa ya yi tun zamanin da, waɗanda suka ɗaga wani ɓangare suka sauke wani, har mai tauri ya zo kafaɗa da kafaɗa da mai laushi. Kogi yana cinye mai laushin da sauri, mai taurin ya tsaya ya zama leɓen da ruwa ke tsallakewa. Ruwan da ke faɗowa yana ci gaba da raraƙe ƙarƙashin leɓen har ya karye, magangarar ta ja baya kaɗan, kuma wannan ja da bayan ne ya bar kwazazzabai masu zurfi a ƙasa da kowace ɗaya. A sama da su kuma akwai dutsen farar ƙasa, wanda ruwa ke narkarwa, shi ya sa Mellte yake nutsewa cikin kogon Porth yr Ogof ya yi tafiya a ƙarƙashin ƙasa kafin ya sake ɓullowa.

Wadda ta fi suna ita ce Sgwd yr Eira a kan Hepste. Eira dusar ƙanƙara ce, kuma wanda ya ga ruwan bayan an kwana ana ruwan sama zai fahimci sunan ba tare da an yi masa bayani ba, domin fari fat yake saukowa kamar labule. Raraƙar da na ambata ta yi nisa a nan har ta buɗe hanya a bayan ruwan, mutum yana iya bi ta tsakanin dutse da labulen ya fita a ɗaya gaɓar, kuma mutanen yankin suna ba da labarin cewa makiyaya sun daɗe suna kora tumakinsu ta wannan hanya. Na bi ta, kuma ƙarar ruwan a ciki tana hana ka jin maganar wanda ke kusa da kai. Dutsen yana da santsi ƙwarai, ana kuma samun haɗurra a yankin, har da rasa rayuka, musamman ga masu shiga ruwan da sanyinsa ke kama jiki nan take ko da rani ne.

A kan Mellte akwai Sgwd Clun-Gwyn, magangarar farin fili, da Sgwd Isaf Clun-Gwyn, inda isaf ke nufin ta ƙasa, sai kuma Sgwd y Pannwr. Wannan ta ƙarshen tana burge ni, domin pannwr shi ne mai sana'ar wanke saƙar ulu da dirzarta a ruwa har ta yi kauri ta daina warwarewa. Sana'ar ta ɓace daga wurin, amma sunan yana gaya maka cewa ƙasar tumaki ce, kuma kogin ya taɓa zama wurin neman abinci kafin ya zama wurin yawon buɗe ido. A kan Nedd Fechan akwai Sgwd y Bedol, daga pedol, takalmin ƙarfe da ake buga wa kofaton doki, saboda lanƙwasar leɓen dutsen. Ka ga nan ma p ta koma b kamar yadda Malama ta bayyana.

Biyu da ke kan Pyrddin sunayen mutane suke ɗauke da su. Sgwd Gwladus ana danganta ta ga Gwladus, ɗaya daga cikin 'ya'ya mata na Brychan, sarkin ƙarni na biyar wanda ƙasar Brycheiniog ta samo suna daga gare shi. A sama da ita, inda babu kyakkyawar hanya sai an tsallaka kogin, akwai Sgwd Einion Gam, wato ta Einion mai karkatacciyar siffa, kuma almarar wurin ta haɗa shi da Gwladus a soyayyar da ba ta kai ga aure ba. Turawan Ingila suna kiran ta farkon Lady Falls, sunan da ya shafe ko wace ce matar.

Mafi tsayi a kudancin Wales ita ce Sgwd Henrhyd kusa da Coelbren, mita 27, a kan rafin Nant Llech. Hen tsoho ne, rhyd kuma mashigi, wurin da ake tsallaka kogi da ƙafa. A kwarin wannan rafi ne William Logan, wanda daga baya ya jagoranci hukumar binciken duwatsu ta Kanada, ya gano kututturan itatuwan da suka zama dutse tun zamanin da kwal ke samuwa, kuma suna nan a tsaye a harabar gidan tarihi na Abertawe, birnin da Ingilishi ke kira Swansea. Can ƙasa a kwarin Nedd kuma akwai magangarar Aberdulais, wadda ƙarfin ruwanta ya juya injinan masana'antu tun 1584, lokacin da aka fara narka tagulla a wurin, har zuwa zamanin da aka koma yin farantan ƙarfe masu rufin kuza.

Dattijon Safiyo ya rubuta:

Na amfana da bayanan nan biyu, Allah ya ƙara ilimi. Amma a kan tambaya ta uku ina da ra'ayin da wataƙila ba zai yi wa wasu daɗi ba. Na yi shekaru ina aikin awon ƙasa, kuma abin da na koya shi ne amfanin suna na farko shi ne ya kai mutum wurin da yake nema. Ɗalibin Malam da zai je intanet ya nemi hoto ko bayani zai fi samun abin da yake so idan ya rubuta Swallow Falls ko Devil's Bridge, kuma littattafan labarin ƙasa da zai haɗu da su a jami'a da waɗannan sunaye aka rubuta su. Idan aka cika masa takarda da kalmomin da ba zai iya furtawa ba, ina tsoron darasin duwatsun ya ɓace a cikin darasin harshe.

Sannan ba kowane sunan Ingilishi a Wales ne baƙo ba. A dajin Radnor, kusa da iyakar Ingila, akwai magangarar da ake kira Water-break-its-neck, wato ruwa ya karya wuyansa, kuma mutanen wannan yanki sun daɗe da komawa Ingilishi, don haka suna ne na 'yan ƙasa. Akwai kuma Horseshoe Falls kusa da Llangollen, wadda ba halitta ba ce, madatsa ce mai siffar baka da injiniya Thomas Telford ya tsara a farkon ƙarni na 19 domin karkatar da ruwan kogin Dyfrdwy zuwa magudanar jiragen ruwa da ke bi ta kan gadar Pontcysyllte. Da Welsh ana ce mata Rhaeadr y Bedol, ga kuma Sgwd y Bedol a kudu, sai ɗalibi ya rikice.

Ƙarin gargaɗi a kan alƙaluma: littattafai da yawa suna cewa Pistyll Rhaeadr ce mafi tsayi a Wales, amma hakan ya dogara da yadda aka yi awon. Idan jimlar saukar ruwa ake nufi, kogin Mynach a Ceredigion yana sauka kimanin mita 90 a hawa biyar kafin ya haɗu da Rheidol. Idan kuma faɗuwa guda ba tare da taɓa dutse ba ake nufi, lissafin dabam ne. Ya kamata Malam ya gaya wa ɗalibai irin awon da yake nufi a duk inda ya ba da adadi.

Malama Mai Nahawu ta sake rubutawa:

Baba, maganarka a kan awo gaskiya ce, haka ma a kan Radnor, kuma ba na goyon bayan a ƙirƙiro wa wuri sunan Welsh da mutanensa ba su taɓa amfani da shi ba. Inda na saɓa maka shi ne zaton cewa sunan Ingilishi fassarar na Welsh ce, ta yadda za a iya ɗaukar ɗaya a bar ɗaya ba tare da asara ba. Misalai biyun da ka kawo su ne suka fi nuna akasin haka.

Swallow Falls tana kan kogin Llugwy, a gefen babbar hanyar A5 da Telford ɗin nan ya gina zuwa Caergybi. Swallow tsuntsu ne, tsattsewa, wadda da Welsh ake ce wa gwennol, idan aka sa mata y kuma ta zama y wennol. Bayanin da aka fi karɓa shi ne cewa asalin sunan Rhaeadr Ewynnol ne, magangara mai kumfa, daga ewyn, kumfa, sai kunnen baƙi ya ji ewynnol kamar y wennol, aka fassara abin da aka ji. Kuskuren ya yi ƙarfi har ya koma cikin Welsh ɗin, ana samun Rhaeadr y Wennol a wasu rubuce-rubuce. Ga malamin labarin ƙasa bambancin ba ƙarami ba ne, domin kumfa tana bayyana abin da ruwa ke yi idan ya rarrabu a kan duwatsu a hawa da yawa, tsattsewa kuwa ba ta gaya wa ɗalibi komai game da kogin.

Devil's Bridge kuma, gadar shaiɗan, sunanta na Welsh Pontarfynach, gada a kan Mynach, kuma mynach shi ne mai zaman zuhudu na Kirista. Gadoji uku ne a wurin, ɗaya a kan ɗaya: ta ƙasa ta zamanin tsakiya ce, ana danganta gininta ga masu zuhudu na gidan ibadar Ystrad Fflur, ta tsakiya an gina ta a 1753, ta sama ta ƙarfe kuma a 1901. Sunan Ingilishi ya fito ne daga tatsuniyar tsohuwar da saniyarta ta maƙale a hayin kwazazzabo, shaiɗan ya gina mata gada bisa sharaɗin ran wanda ya fara tsallakawa nasa ne, ita kuma ta jefa gurasa karenta ya riga ta. Irin wannan tatsuniya ana ba da ita game da gadoji da dama a Turai, amma sunan Welsh ɗin daga kogin wannan wuri aka ɗauko shi. Aber Falls ma haka: aber bakin kogi ne, inda yake shiga teku ko wani kogin, an gutsuro ta ne daga sunan ƙauyen Abergwyngregyn da ke bakin teku, alhali magangarar tana can ciki a gindin tsaunukan Carneddau, inda Afon Goch ke faɗowa kimanin mita 37. Mutanen wurin sun kira ta Rhaeadr Fawr domin akwai ƙaramarta a kusa da ita.

Batun neman bayani a intanet ma ya fara sauyawa. A Nuwamban 2022 hukumar gandun shaƙatawa na ƙasa da ke arewacin Wales ta yanke shawarar amfani da Eryri a maimakon Snowdonia, da Yr Wyddfa a maimakon Snowdon ga tsauni mafi tsayi a ƙasar, mai mita 1,085. A Afrilun 2023 gandun kudu ya bi sahu, ya bar sunansa na Ingilishi ya koma Bannau Brycheiniog kaɗai. Tun 2017 kuma akwai kundin sunayen wurare na tarihi da doka ta wajabta a ajiye. Abin da ke ingiza wannan duka shi ne halin da harshen ke ciki: ƙidayar 2021 ta nuna masu jin Welsh kimanin 538,300 ne, kashi 17.8 cikin ɗari na masu shekara uku zuwa sama, ƙasa da kashi 19 na 2011, alhali gwamnatin Wales ta sa wa kanta burin kai su miliyan ɗaya nan da 2050. Ɗaliban da Malam ke koyarwa yau, idan suka kai jami'a, da alama sunayen Welsh za su tarar a sababbin taswirori.

Mu Hausawa kuma bai kamata mu kalli wannan daga gefe guda ba. Farin Ruwa da ke ƙaramar hukumar Wamba a jihar Nasarawa suna ne na Hausa, mai kyau kuma mai bayyana abin da ido ke gani, amma yana yankin da Hausa ba ita ce harshen asali ba. A can mu ne masu babban harshen da sunansa ya hau taswira. Malamin da ya koya wa ɗalibansa tambayar wane suna mutanen wuri ke kiran ruwansu da shi a Wales ya ba su tambayar da za su iya yi a gida.

Malamin Labarin Ƙasa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malama da Baba da ɗan'uwanmu na Abertawe. Zan sa sunan Welsh a gaba tare da ma'anarsa da Hausa, in ambaci na Ingilishi sau ɗaya a inda yake akwai domin mai son bincike, kuma zan bayyana irin awon da nake nufi a kowane adadi. Saura abu guda: na ga Rhaeadr Ddu a wurare biyu a taswirar Gwynedd. Wacce ce ake nufi idan an ambaci sunan?

Baƙon Abertawe ya sake rubutawa:

Duka biyun na gaskiya ne, Malam, domin suna ne na siffa, kuma duk inda ruwa ke zuba a kan baƙin dutse cikin inuwar itatuwa ana iya kiransa haka. Ɗaya tana kusa da ƙauyen Ganllwyd, arewa da Dolgellau, a kan kogin Gamlan, cikin tsohon dajin itatuwan oak da danshinsa ya sa gansakuka ta rufe duwatsu da kututtura. Ɗayar tana kusa da Maentwrog, a kwazazzabon Llennyrch, a kan kogin Prysor da ke fitowa daga tafkin Trawsfynydd. Ta Ganllwyd ce aka fi ziyarta, kuma daga nan ba nisa zuwa dajin Coed y Brenin, inda Pistyll Cain da Rhaeadr Mawddach suke kusa da juna a gefen tsohuwar mahaƙar zinariya ta Gwynfynydd, don haka a tafiya guda ɗalibi zai iya kwatanta pistyll da rhaeadr a hoto. Idan za ka rubuta kowace daga cikin biyun, ka haɗa da sunan kogin ko na ƙauyen da ke kusa, kamar yadda mutanen yankin ke yi.